Na Canja Sensar Totur, Silon Motata Ya Rikice: Daga Ina Za a Fara Gyara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Accord 2004 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa EOD. Kwanakin baya ta fara fizga idan na taka totur, wutar cek ta kama. Bakanikena ya ce sensar totur ce, muka sayo sabuwa aka ɗaura. Ya kuma kwance totur bodi ya wanke, ya sa wani bawul ɗin silo ɗan Beljiyam. Fizgar ta tafi, amma tun daga ranar silo ya rikice. Da safe allura tana kai 2,000, in inji ya yi zafi kuma sai ta riƙa hawa da sauka tsakanin 1,000 da 1,500 kamar ana taka mata totur. In na sa giya sai ta buga. Ya murɗa wani ɗan sukuru a jikin totur bodin, abin bai canja ba. Yanzu wani ya ce sai an yi mata saiti da kwamfuta, wani kuma ya ce birenbos ne ya lalace. Mene ne gaskiyar lamarin?" In ji wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sawwaƙe, Malam, domin na san ɓacin ran da mutum ke ji idan ya kashe kuɗinsa a kan gyara ɗaya ya koma gida da sabuwar matsala. In na fahimce ka da kyau, a rana guda an taɓa abu uku: sensar totur da ake kira TPS, da cikin totur bodin kansa, wato bututun da iska ke bi zuwa inji, da bawul ɗin silo da ake kira IAC (silo shi ne gudun inji idan ba a taka totur ba). Daga baya aka ƙara na huɗu, wato sukurun nan da aka murɗa. Dukkansu huɗun kuwa a kan abu ɗaya suke aiki, shi ne yawan iskar da inji ke shaƙa lokacin da ƙafarka ba ta kan totur. Saboda haka tun daga farko ka ajiye maganar sayen birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar. A shekarun da na yi ina wannan aiki an sha kawo mini mota da irin wannan kuka ana zargin birenbos, kuma da ƙyar zan tuna wadda aka samu laifinsa ne. Wanda ya ce maka sai an yi saiti ya faɗi gaskiya, sai dai saitin shi ne aikin ƙarshe, kuma ba ya kamawa sai an gyara abubuwan da ke gabansa.

Yadda injinka ke riƙe silo

Motarka tana cikin masu kebur. Idan ka taka totur, waya ce take jawo wani faranti a cikin totur bodi ya buɗe, iska ta wuce zuwa inji. Idan ka ɗaga ƙafa farantin ya rufe, sai 'yar tazara siririya kamar zare da ta rage a gefensa. Iskar da ke bi ta wannan tazarar ba ta isa ta riƙe inji, don haka aka yi wata 'yar hanya da ke kewaye farantin, kuma bawul ɗin IAC shi ne mai gadin wannan hanya. Birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, shi ke ba shi umarni: ka kunna esi ya ce a ƙara buɗewa, ka sa giya ya ce a ƙara, ka kashe esi ya ce a rage. Amma kafin ya fara wannan lissafi sai ya tabbatar ka ɗaga ƙafa, kuma ba wanda ke gaya masa haka sai sensar TPS. Sannan yana tambayar sensar zafin ruwa ko inji ya ɗumama, domin injin da ke da sanyi da gangan ake ɗaga masa silo.

Abin da yawancin mutane ba sa lura da shi shi ne ƙwaƙwalwar tana koyo kuma tana riƙewa. Shekara da shekaru tururin mai da ƙura suna taruwa a gefen farantin, su yi wani baƙin zobe kamar kunkunniyar gindin tukunya. A nan arewa, da ƙurar hunturu da matatar iska da ba a canjawa a kan kari, zoben nan ba ya jimawa yake kauri. Yana kauri yana toshe tazarar, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙara buɗe IAC kaɗan-kaɗan don ta cike giɓin, tana ajiye sabon ma'aunin a matsayin daidai. Ranar da aka wanke totur bodi tas, hanya ta buɗe, amma ita har yanzu tana aiki da lissafin lokacin datti. Iska ta yi yawa, silo ya hau. Wannan kaɗai ya isa ya kai allura 1,200 ko sama.

Hawa da saukar da ka ambata kuma tana da nata dalilin. An tsara ƙwaƙwalwar ta yanke mai duk lokacin da ta ga totur a rufe alhali inji na gudu da yawa, domin a ganinta gangara kake yi ka ɗaga ƙafa. To idan iska mai yawa tana shigowa a tsaye, inji zai hau har ya kai wannan iyaka, ta yanke mai, allura ta faɗo, ta sake ba da mai, allura ta sake hawa. Haka za su yi ta yi. Duk Hondar da na ji tana wannan numfashi, abin da nake fara nema shi ne ta ina iskar da ta wuce kima ke shiga. Bugawar giya ita ma daga nan take: giya ce ake sawa alhali inji na kan 1,500, dole ta shiga da ƙarfi. Ka rage yawo da ita a haka, don giyar da kujerun inji ne ke shan wahalar.

Sukurun da aka murɗa

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. A zamanin kafireto akwai sukurun silo na gaskiya, ana murɗa shi silo ya hau ko ya sauka, kuma da yawa daga cikin iyayen gidanmu a kan irin waɗannan motoci suka koyi aiki, hannunsu ya saba. Amma ɗan sukurun da ke jikin totur bodin injekta aikinsa daban ne. Shi ne matsayar farantin, yana hana shi rufewa har ya cije a jikin bututu. A kamfani aka saita shi, galibi har da ɗigon fenti a kansa don a san ba na taɓawa ba ne. Da zarar an motsa shi abu biyu sun sauya a lokaci guda: tazarar iska ta canja, kuma inda sensar TPS ke ɗauka a matsayin "rufe" shi ma ya gusa, tunda a kan sandar farantin take zaune. Ka ga ke nan an ƙara wa lissafin wani ruɗani.

Ka haska fitila ka duba fentin. Idan ya tsage, sau da yawa ana iya gane inda sukurun yake a da ta wurin sawun fentin da tsaftar zaren, a mayar da shi daidai wurin. Idan sawu ya ɓace, abin da nake yi shi ne in sassauta kebur, in janye sukurun har farantin ya rufe gaba ɗaya, in dawo da shi a hankali har ya taɓa hannun totur, sannan in ƙara ɗan murɗi kaɗan, kamar kwata, yadda farantin ba zai riƙa maƙalewa ba idan an buɗe shi da hannu. Wannan dabarar gareji ce, tana kai mutum kusa da daidai, amma ba ta kai saitin kamfani ba. Idan kana da hali, ka nemi totur bodi ɗan Beljiyam wanda fentinsa ke nan lafiya, ko ku ajiye shi kusa da naka a gwada. Tun kana wurin kuma a duba kebur ɗin totur: dole ya kasance da ɗan sako-sako, Honda na son a iya lanƙwasa shi kamar milimita 10 zuwa 12. Kebur ɗin da aka ɗaure tam yana riƙe farantin a ɗan buɗe, kuma na ga motocin da wannan ne kawai ciwonsu bayan an mayar da totur bodi.

Saitin sensar TPS

Honda ba ta yi wannan sensar don a riƙa cire ta ba. Da sukurori marasa tsaga a kai aka ɗaure ta, shi ya sa sai an tsaga musu kai da zarto kafin su fita. Ramukan sensar kuwa masu ɗan tsawo ne, ana iya juya ta hagu ko dama kafin a ɗaure. Wannan juyin shi ne saitin, kuma ido ba ya iya yin sa. In bakanikenka ya ɗaura ta ne kawai ya ƙulle ba tare da ya sa mitar auna wuta ba, to sai dai in sa'a aka ci.

Wayoyi uku ne a jikinta. A kunna makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada a tayar da inji, a bar soket ɗin a jone, a soka siririyar allura ta bayan soket don a samu taɓa ƙarfen. Kada a huda rigar waya, domin ruwa zai shiga daga baya ya yi tsatsa. Da mita da aka saita a kan auna wuta irin ta batir za ka samu waya ɗaya tana ba da bolt 5 ba ta motsi, ɗaya ita ce ta ƙasa, ta ukun kuma ita ce ke sauyawa idan an motsa totur. Ita ake bi. A kan Honda irin taka, idan totur na rufe ana son a ga kusan bolt 0.5, idan an buɗe shi gaba ɗaya kuma kusan 4.5. A sassauta sukurorin, a juya sensar a hankali har mita ta zauna a 0.5, a ɗaure ɗaya kaɗan, a ɗaure ɗayan, ana kallon mita, domin ɗaurin kansa yana iya gusar da ita. Bayan an gama a buɗe totur a sake shi sau biyar ko shida, kowane karo ya dawo kan lamba ɗaya. Idan yau 0.50 ne, anjima 0.62, to ko farantin na maƙalewa, ko kebur na riƙe shi, ko sensar ce ba ta kirki ba.

Sannan a buɗe totur sannu a hankali daga ƙasa har sama ana kallon lambobin. Su riƙa hawa a jere. Duk inda suka faɗo ko suka yi tsalle, akwai matacciyar gaɓa a cikin sensar, kuma irin wannan gaɓar ce ta jawo maka fizgar farko. Ina faɗin wannan ne domin sabuwar sensa a kwali ba hujja ba ce cewa lafiyayya ce. Kasuwa ta cika da na arha waɗanda tun ranar farko lambarsu ke rawa, har na fi amincewa da tsohuwar asali da aka ciro daga totur bodi ɗan Beljiyam a kan irin waɗannan.

Ga wani kuskure da sikana, wato na'urar da ake jonawa a mota don karanta bayananta, ta kawo mana. Yaro zai jona sikana ya ga totur yana nuna kashi 10 cikin 100 alhali ba a taka ba, sai ya ce ai kamata ya yi ya zama sifiri, ya juya sensar har ƙasa. Alhali kashi 10 ɗin nan shi ne daidai, domin 0.5 kashi ɗaya ne cikin goma na bolt 5. An bar wannan rata ne da gangan don ƙwaƙwalwa ta iya bambance totur a rufe da waya da ta tsinke. Wanda ya kai ta sifiri zai ga wutar cek da lambar P0122. Wanda kuma ya bar ta a sama, misali 0.8 ko 0.9, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ƙafa na kan totur, ba za ta karɓi ragamar silo yadda ya kamata ba, canjin giya ma zai rikice, tunda da wannan sensar ake lissafinsa.

Neman inda iska ke sata

Idan sukuru ya koma wurinsa, kebur ya saki, sensa ta zauna a 0.5, sai a koma kan iska. Tambayar farko da zan yi wa bakanikenka ita ce, da ya mayar da totur bodi da bawul ɗin IAC, sabon gaskit ya sa ko tsohon? Tsohon gaskit da ya riga ya daskare ba kasafai yake sake kamawa ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire babban tiyon iska daga bakin totur bodi, a bar inji na aiki bayan ya yi zafi. A gaban farantin, a jikin bangon bututun, akwai rami wanda shi ne mashigar hanyar IAC. A toshe shi da yatsa. Idan allura ta faɗo inji ya nemi mutuwa ko ya mutu, to iskar ta IAC take bi, sai a tuhumi bawul ɗin Beljiyam ɗin nan, ko ya maƙale a buɗe, ko kuma ƙwaƙwalwa ce ke buɗe shi saboda wani dalili. Idan kuwa an toshe inji ya ci gaba da gudunsa, to iska na shiga ta wata kafa. Lura ɗaya: idan taka tana da sensar auna iska a kan tiyon, kusa da akwatin matata, cire tiyon na iya kashe injin, sai a bar gwajin ga wanda ya saba.

Kafofin da aka fi samu su ne gaskit ɗin totur bodi, da ƙananan tiyo da suka tsage ko aka manta ba a mayar ba, da tiyon PCV mai ɗauko tururin mai daga cikin inji, da babban tiyon da ke zuwa bustar birki. A matse kowane tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya a saurari inji, wanda aka matse silo ya sauka shi ne mai laifi. Wasu suna fesa fetur ko man wankin kafireto a kewayen gaskit don su ji ko sauti zai canja. Yana nunawa, amma ba na son sa a kan inji mai zafi, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Ni ɗan guntun tiyo nake ɗauka, baki ɗaya a kunnena, ɗayan ina bi da shi gefen gaskit. Inda iska ke sata za ka ji wani siririn fito kamar na tayar keke da ƙaya ta soka.

Na tuna wata EOD da aka kawo mini bayan ta zaga garejoji, an canja mata IAC sau biyu, mai ita har ya fara cinikin birenbos. Da na sa tiyo a kunne na ji fiton a ƙasan totur bodi, wurin da ido ba ya kai wa. Muka kwance. Gefen gaskit ɗin ya naɗe ne lokacin da aka tura shi, ya bar wata kafa da ba ta fi faɗin farce ba, an kuma shafa gam a kai ya bushe ya tsage. Da muka kankare gam ɗin muka sa sabon gaskit, tun kafin a yi wani saiti hawa da saukar ta tsaya.

Game da wanki, kada a jiƙa IAC ko TPS a cikin fetur. A fesa man wanki a tsumma a goge gefen farantin da bututun, a kauce wa gindin sandar farantin, domin Honda ta shafa wani baƙin sinadari a wurin da gangan, ba datti ba ne, kuma kankare shi na ƙara buɗe hanyar iska.

Zafin inji, inda da yawa ke faɗuwa

A nan ne yanayin motocinmu ya bambanta da abin da littafin kamfani ya ɗauka. Littafin ya ɗauka motarka na da tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, kuma fanka tana tashi da kanta idan zafi ya kai. A wurinmu kuwa da yawa an cire tamostat tun ranar da mota ta iso, an haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai don gudun zafi. Sakamakon shi ne inji ba ya kai zafin aikinsa. Na sha jona sikana da safiyar hunturu in ga ruwa ya tsaya a digiri 60 da 'yan kai bayan doguwar tafiya. A wurin ƙwaƙwalwa wannan inji har yanzu bai gama ɗumama ba, don haka tana riƙe silo a sama, tana ƙara mai, kuma ba za ta zauna ta koyi sabon silo ba. Kana iya maimaita saiti sau goma a irin wannan mota ba abin da zai zauna. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta. In mota na zafi, a nemi dalilin a lagireto ko famfon ruwa ko murfi.

Abu na biyu, ruwan lagireto yana ratsawa ta ƙananan tiyo a jikin totur bodi don ya ɗumama shi. Duk wanda ya kwance totur bodi ya cire waɗannan tiyo, ruwa ya zuba, iska ta shiga. Idan kumfar iska ta tsaya a kusa da sensar zafi, karatunta zai riƙa rawa, silo ya bi shi. A bar inji ya huce sarai, a buɗe murfin lagireto, a cika, a sa hita a kan zafi, a tayar a bar shi har fanka ta tashi sau biyu ana ƙara ruwa yayin da kumfa ke fita. Kada a taɓa buɗe murfin nan inji na da zafi.

Koyar da silo

Sai an gama duk wannan ake zuwa saitin da aka gaya maka, kuma a kan motarka ba lallai sai da babbar kwamfuta ba. Da farko a goge tsohon lissafi, ko da sikana, ko ta cire kan batir na ƙasa na 'yan mintuna. Kafin a cire batir ka tabbatar kana da lambar rediyonka, domin rediyon EOD yana kullewa idan wuta ta yanke. A kashe komai: esi, fitilu, rediyo, fankar ciki. Giya na kan P, sitiyari a miƙe. A kunna makulli a jira daƙiƙa 2, a tayar da inji, a riƙe shi a 3,000 har fankar lagireto ta tashi, ko sikana ta nuna ruwa ya kai digiri 90. Sannan a ɗaga ƙafa gaba ɗaya a bar shi a silo minti 5 ba tare da an taɓa komai ba. Idan fanka ta tashi a tsakiya, lokacin da take juyawa ba ya cikin lissafi, sai a ƙara shi. Wannan shi ne tsarin Honda. Ka lura yadda ya rataya a kan tashin fanka, shi ya sa na dage a kan maganar tamostat.

Bayan nan allura ta kamata ta zauna a wajen 700 zuwa 800 ba rawa. Ka kunna esi, ta ɗan nutsa ta dawo. Ka sa giya ƙafarka na kan birki, ta shiga lami lafiya. Ka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu cikin gari da tsaye-tsayen danja, za ta ƙara daidaita.

Idan motar ba mai kebur ba ce

Na san masu wasu motocin ma za su karanta, don haka a taƙaice. Accord mai silinda huɗu daga 2006, da Corolla ta Amurka daga 2005, da akasarin motocin bayan nan, totur ɗinsu na lantarki ne. Ba kebur, ba IAC, wata 'yar na'urar lantarki ce ke juya farantin, kuma sensar a haɗe take da totur bodin, ba a juya ta da hannu. Kada a tura farantinsu da yatsa makulli na kunne, yana iya datse yatsa, haƙoran ciki kuma su lalace. Toyota galibi tana koyon silonta da kanta idan aka bar ta ta yi zafi ta zauna a silo aka kuma yi 'yar tafiya. Nissan ce mai taurin kai, cire batir ba ya goge mata tsohon lissafi, shi ya sa bayan wanki take hawa ta kawo P0507. Tata hanyar ita ce, inji na da zafi kuma komai a kashe, a kunna makulli a jira daƙiƙa 3, a taka totur har ƙasa a saki sau 5 cikin daƙiƙa 5, a jira daƙiƙa 7, a taka a riƙe kamar daƙiƙa 20 har wutar cek ta gama ƙiftawa ta tsaya, a saki cikin daƙiƙa 3, a tayar. Sai da agogo a hannu, kuma sau da yawa sai an maimaita, don haka sikana mai wannan aiki ta fi sauƙi. Volkswagen kuma da sikana ake yi mata, a sashen saitin tushe, rukuni na 060 ga masu lantarki, 098 ga masu kebur.

Abin da ba zan iya yankewa daga nan ba

Ban ga motarka ba, ban ji kukanta ba, don haka abin da na ba ka jerin bincike ne bisa abin da ya fi faruwa. Zato na ya fi ƙarfi a kan gaskit ko bawul ɗin IAC da aka sa, tare da sensar da ba a saita da mita ba. Idan tsohon bawul ɗinka yana nan, kada ka yar, domin wasiƙarka ba ta nuna yana da laifi ba tun farko, fizga ce ta kai ka gareji, silonka lafiya yake. A goge shi a mayar a gani. Idan an bi duk wannan abin bai sauya ba, sai a koma kan wayoyi: a tabbatar bolt 5 ɗin nan ba ya rawa, a duba wayoyin ƙasa da ke ɗaure a jikin inji, a girgiza soket ɗin IAC da na TPS inji na aiki a ga ko silo zai amsa. Sai an tabbatar waɗannan duka lafiya suke kafin a fara kallon birenbos, kuma ko a lokacin a gwada da na aro kafin a saya, tare da wanda ya iya haɗa shi da makullin motar.

In ka koma gareji, ka sa a jona sikana bayan inji ya yi zafi, ka rubuto mini abu huɗu: lambobin matsala da ta nuna, zafin ruwa, kashi nawa totur ke nunawa a rufe, da abin da allura ta yi lokacin da aka toshe ramin IAC da yatsa.